Takalmin roba: abin da asarar jikka 16 ta koya mini

Uwar asusunmu ta daɗe tana cewa in rubuta labarin sana'ar takalmina, ni kuwa ina ta noƙewa, don farkon labarin akwai kunya a ciki. To amma kwanan baya na ji mata biyu a bakin famfo suna shawarar cin bashi su saro takalman salla, sai na ce gara in faɗa, kada su taka ƙayar da na taka.

A shekarar 2022 azumi ya faɗo cikin watan Afrilu, tsakiyar bazara. Kafin a ga wata na ɗaga hannu ranar zubi na nemi jikka 30. Ƙa'idar asusunmu kun san ta: kowace jikka 10 ana ɗora mata jikka 1 duk wata. Na ce wata 2 nake so, ke nan zan maido jikka 36. Na riga na gama lissafina tun a gida. Kowace mace a garin nan tana bukatar takalmin da za ta wanke, na zuwa famfo, na gona, na biki. Yarinya ko ba a yi mata ɗinki ba, a saya mata takalmin salla. Na ce wannan sana'a ba ta da faɗuwa, tun da takalmi ba tumatir ba ne balle ya ruɓe.

Na shiga mota zuwa Birnin Ƙonni. A kasuwa na zagaya rumfa uku, duk inda na taya sai in ji tsada. A ta huɗu wani saurayi ya nuna mini buhu a ɗaure, ya zaro ƙafa biyu daga sama, masu sheƙi, da ƴan furanni a kan maɗauri. Ya ce dozin jikka 6. Na lissafa: ƙafa ɗaya, wato hagu da dama, ta kama dala 100 ke nan. In na sayar dala 150, dozin 5 za su ba ni jikka 45. Ban kwance buhun ba, ban lanƙwasa ko ɗaya ba. Na ƙirga kuɗi na miƙa, ina sauri kada mota ta bar ni.

Da na iso gida na rasa inda zan ɓoye kayan saboda yara da awaki, sai na ɗora buhun a kan katakon da ke ƙarƙashin kwanon ɗakina, dab da rufi. Kwana 20 yana can. Waɗanda na zaro don talla kuma na jera su a faranti a ƙofar gida, rana tana dukansu tun hantsi har la'asar. Da salla ta matso na sauke buhun, sai gabana ya faɗi. Na sama duk sun karkace kamar ganyen da ya bushe. Waɗansu sun tsuke, lamba 39 ta koma ba ta shiga ƙafar mai 37. Masu sheƙin kuma in ka ja maɗaurin sai ka ga ya yi fari, ya tsage. A can ƙasan buhun na iske ƙafa 7 da ba su dace ba: ga hagu biyu a ɗaure tare, ga lamba 38 an haɗa ta da 40.

Cikin ƙafa 60, 24 kaɗai na sayar da kuɗinsu, jikka 18. Guda 20 na karyar da su dala 50, jikka 5. Ranar salla kuma mata 4 suka dawo mini da takalmi a hannu, ya tsinke tun kafin a sauko daga idi, na maida musu jikka 3. Abin da ya rage a hannuna jikka 20, bashi kuwa jikka 36.

Asarar kuɗin ma da sauƙi. Kwana 3 bayan salla matar ɗan maƙwabciyata, mai cikin wata 7, ta je famfo da takalmin da na sayar mata. Ƙasansa sumul yake, ba zane ko kaɗan. Ta ɗauko bokiti a ka, ta taka simintin da ya jiƙe, ta zame ta faɗi a kan ƙugu. Aka kai ta likita a amalanke. Allah ya kiyaye, cikin bai taɓu ba, ta haihu lafiya da lokacinta ya yi. Surukarta ba ta taɓa ce mini komai ba, amma ni na san wa ya sayar da takalmin. Darare biyu ban runtsa ba.

Ranar biya na je taro da jikka 20 a ƙulle a bakin zane. Aka buɗe akwati, ma'ajiya ta kira sunana, na kasa ɗaga kai. Uwar asusu ta ce, "Ɗiyata, hwaɗa muna gaskiya, mi ya hwaru?" Na faɗa musu duka, ban rage ba. Wata ta ce a ci ni tara. Wata tsohuwa daga cikinmu ta ce, "Kuɗɗin ga na kowa na, sai an biya. Amma ku ba ta sati biyu, ba gudu za ta yi ba." Aka ba ni. Na kai akuyata kasuwa, wadda nake kiwo don auren ɗiyata ta fari, na cike jikka 16.

Na rantse ba ni ba takalmi. Bayan damina na raka ƙanwata kasuwar Dogon Dutsi, muka tsaya rumfar wani dattijo da ya tsufa cikin sana'ar. Ya ga yadda nake kallon kayansa da harara, ya tambaya, na ba shi labari. Ya yi dariya ya ce, "Zamna nan, ɗiyata. Kin sayi kaya da ido, shi kau takalmi da hannu da hanci aka sayen shi." Awa guda na yi a rumfar nan. Abin da zan faɗa muku yanzu, rabi daga bakinsa ne, rabi kuma daga shekarun da na yi ina saye da sayarwa bayan nan.

Da farko, abin da muke kira roba ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai sheƙi mai ɗan nauyi, wadda ake zubawa a ma'auni ta fito da fure da ado. Masu masana'anta suna kiranta PVC. Asalinta tauri gare ta kamar bututun famfo, sai an gauraya ta da wani irin mai kafin ta yi laushi. Zafi da rana suna fitar da man nan a hankali, shi ya sa take bushewa ta tsage. Akwai kuma ta soso, marar nauyi, irin ta silifa da irin takalman nan masu huji-huji a sama da ake kwaikwayon Crocs, wanda ya fito a Amurka a 2002, sunanta EVA. Cikinta ƴan ƙananan kumfan iska ne, in ta sha zafi sai ta tsuke ta karkace, kuma ba ta komawa. Buhuna da na ɗora dab da kwano cikin watan da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, gasa shi na yi da hannuna. Ta uku ita ce roba ta gaske mai danƙo, irin ta taya. Ta fi nauyi, ba ta da kyan gani, amma ta fi riƙe ƙasa, ta fi jure ƙaya.

Yawancin kayan da ke zuwa mana ta Ƙonni daga Najeriya suke fitowa, musamman masana'antun Kano, na Sharaɗa da Challawa da Bompai, sai kuma na Sin da ke biyo tashar jirgin ruwa. Tsofaffin takalman da masu yawo gida-gida ke saye a hannunmu, niƙa su ake yi a narka a sake zubawa. Wannan ba laifi ba ne, yana rage shara. Sai dai in tsohuwar roba ta yi yawa a gaurayen, takalmin ba ya daɗewa. Irin wannan ya fi zuwa da baƙi ko launi mai duhu-duhu, in kin duba da kyau za ki ga ɗigo-ɗigo a jikinsa. Kuma tun da kayan ta iyaka suke shigowa, farashinsu yana bin iyakar da canjin naira. Mun gani lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, mun sake gani bayan Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. In hanya ta toshe, tsohon kaya da ya daɗe a shago shi ke fitowa, sai a ƙara lura.

To, in kin tsaya gaban mai takalmi, ga abin da za ki yi. Ɗauki ƙafa ɗaya ki lanƙwasa ta har gaba ya kusa taɓa dunduniya, ki saki. Mai kyau yana miƙewa nan take. In wurin lanƙwasar ya yi fari ko ya bar layi, ajiye shi. Sannan ki danna da farcen babban yatsa a wurin dunduniya: in ramin ya cike da sauri, soson yana da rai, in ya zauna, sati biyu zai lotse ki riƙa jin tsakuwa. Ki kama maɗaurin ki ja daga gindinsa, don can yake tsinkewa. A silifa ki juya ƙasa ki duba ƙullin da ke riƙe hancin: ya zama mai faɗi, kuma ya nutse cikin raminsa, kada ya fito ya riƙa gogar ƙasa. Ki kai shi hanci. Kowane sabon takalmi yana da ɗan warinsa, amma wanda ke hawa kai kamar fetur ko ƙonanniyar leda, bar shi. In yana maiƙo a hannu tun yana sabo, man da ke cikinsa ne ya fara fita.

Abin da ba na yafewa yanzu shi ne ƙasan takalmi. Ki shafa da yatsa, sai kin ji zanen yana kama hannu. In da hali ki ɗiga ruwa a siminti ki taka ki gani. Mai ciki, da tsohuwa, da duk mai ɗaukar ruwa a ka, kada su sa mai sumul ko da kyauta aka ba su. Ni ba na saro shi ko nawa ne arharsa.

Kada ki yarda da lambar da aka rubuta. Lamba 38 ta wannan masana'anta ba ita ce 38 ta waccan ba. Ki haɗa ƙasan hagu da na dama ki ga ko tsawonsu ɗaya. Ki gwada ƙafa biyun duka, a tsaye, ki ɗan taka. Gwajin yamma ya fi na safe, don ƙafa tana ɗan kumbura bayan wuni ana zirga-zirga. A bar wurin da yatsa ɗaya zai kwanta a bayan dunduniya. Roba ba ta buɗewa kamar fata, wanda ya matse ki yau zai matse ki har ya mutu. In yarinya za ki saya wa ba ta nan, ki tsayar da ita a ƙasa, ki auna ƙafarta da tsinken tsintsiya daga dunduniya zuwa babban yatsa, ki ƙara faɗin yatsa ɗaya ki karya. Kuma wanda aka rataye a bakin rumfa ya sha rana, na nuni ne. In kin zaɓa, ki ce a ɗauko miki ɗan uwansa daga cikin buhu, shi ma ki gwada shi.

Mai sari kuwa, ki kwance buhu a gaban mai shi, ki zazzage, ki ƙirga ƙafa-ƙafa. In ya ce yana sauri, ke ma ki yi gaba. Ku yi magana tun kafin kuɗi su fita: wanda bai dace ba zai canza? Kada ki zuba jarinki duka a launi ɗaya ko ado ɗaya. A wajena lamba 38 da 39 da 40 suka fi tafiya ga manyan mata, don ƙafar da ta saba da gona faɗi gare ta. Ki sa kuɗin mota da ribar asusu cikin lissafi kafin ki yanka farashi. Ni a karon farko ban sa kuɗin mota ba sam.

Sai kuma riƙo. Mutane suna cewa ai roba ce, ba ta son komai. Tana so. Babban maƙiyinta zafi ne: rana, bakin murhu, ruwan zafi, rufin kwano. Kayan sayarwa ki ajiye su ƙasa-ƙasa, a ɗakin laka mai sanyi, ƙarƙashin gado, kada ki danne su da kaya mai nauyi. Na talla ƙafa ɗai-ɗai ya isa, a inuwa, a lulluɓe da ƙyalle.

Wanki da ruwan sanyi da sabulu ne, da soso ko tsohon buroshin haƙori don lungu-lungu. Ki fara kakkaɓe yashi, don yashi shi ke cin takalmi kamar dutsen niƙa, shi ke kuma cin dunduniya. Ki ɗauraye sabulun sosai, wanda ya rage yana sa santsi da ƙaiƙayi. Ki jingine shi a bango, a inuwa, hancinsa sama, iska ta busar da shi. Kada ki goge tabo da kananzir ko fetur, suna cin roba. Ruwan jabel ma in ya yi yawa yana kashe launi. In kin yi ƙunshi, ki bari lallen ya bushe ki wanke kafin ki sa takalmi mai haske, don tabon lalle ba ya fita. Man shafawa kuma a tafin ƙafa da rana yana sa ƙafa zamewa a ciki, maɗauri ya sha wahala. Ki bar man kaɗanya sai da dare, lokacin ne ma yake yi wa faso da kaushi magani.

Kambas na ƴan lekwal shi ma ana wanke shi, amma ba a jiƙa shi ya kwana, don gam ɗin da ya riƙe ƙasansa yana sakewa. A cire igiya da shimfiɗar ciki a wanke su dabam, a cusa takarda a ciki ya bushe a inuwa. Na fata kuwa, irin na dukawanmu, ba ya shiga wannan layi. Ruwa yana busar da shi ya ƙage. Gogewa ake yi da ɗan ƙyalle, a shafa mai kaɗan.

Roba ba ta shan gumi. Mai sa sau-ciki na roba wuni guda cikin zafi, ko mai tsayawa cikin ruwa da damina, tsakanin yatsunta yana yin fari ya ruɓe ya yi wari. Maganin farko shi ne a wanke ƙafa a tsane tsakanin yatsu da kyau, a bar takalmin ya sha iska. In da hali a yi ƙafa biyu, yau wannan gobe wancan, za ki ga sun fi daɗewa. Na shiga bayi a ware shi, kada ya zo wurin girki ko tabarmar yara. Da safe a kakkaɓe sau-ciki kafin a zura ƙafa, kunama tana son wurin. Yara kuma kada mu bar su ba takalmi saboda tsada: ban da tsidau da ƙarangiya, akwai tsutsar ciki da ke shiga ta fatar ƙafa daga ƙasa mai ƙazanta, tana shan jinin yaro. Mai ciwon suga ta fi kowa bukatar lura, don ƙafarta ba ta cika jin ciwo ba, ɗan gurjewa kaɗan sai ya zama gyambo. Ta sayi mai laushi mai yalwa, ta riƙa duba ƙafarta kullum, in ta ga rauni ta tafi likita.

In hancin silifa ya fice, dukanmu mun san dabarar soka ƙusa ko waya a ƙasa. Na roƙe ku ku daina. Ƙusar nan wata rana tafin ƙafa za ta shiga, kuma raunin da ƙasa ta shiga cikinsa shi ke kawo ciwon sarƙewar haƙora. Ki ɗaure da tsumma mai ƙarfi ko ki kai wa mai gyara ya ɗinke. Mai sheƙi ana liƙe shi da wuƙa mai zafi da ɗan guntun irinsa, amma a yi a fili, nesa da yara. Haka kuma hura gawayi da guntun tsohon takalmi: wuta tana kamawa da sauri, amma hayaƙin guba ne ga ƙirji, ga shi a kan tukunya. Ki tara matattun a buhu, mai saye zai zo.

Na koma sana'ar da jikka 10 kacal, dozin ɗaya da rabi, na zaɓe su ɗaya bayan ɗaya har mai rumfar ya gaji da ni. Ribar ba ta da yawa, amma ba a dawo mini da ko ɗaya ba. Ƙafar farko da na ware, mai zane a ƙasa kamar taya, na kai wa matar ɗan maƙwabciyata. Ta ce, "Inna, nawa na?" Na ce ta sa kawai. A shekara ta biyu na mayar da akuya.

Ga shawarata ga ƙungiyoyinmu. Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a Maradi, ƙarfin asusu shi ne ido da yawa a kan akwati ɗaya. Mu kai wannan ido kasuwa. Duk wadda za ta ci bashin sari a karon farko, a haɗa ta da wadda ta san kayan su tafi tare. In mu uku ko huɗu ne ke son takalma, mu haɗa kuɗi mutum biyu su je, kuɗin mota ya ragu, farashin dozin ya sauka. Kuma kafin a miƙa kuɗi ranar zubi, a tambaye ta inda za ta ajiye kayan. Da an yi mini wannan tambaya ɗaya, da akuyata ta farko tana nan da jikokinta.

Mata biyun nan na bakin famfo, in kun shirya tafiya Ƙonni ku biyo ta gidana, zan raka ku. Allah shi ba mu kasuwa mai albarka, shi tsare mu da asara. Amin.